Inshorar agajin mota a kan hanya: yadda ake zaɓenta da kuma wanda ya kamata ya biya

Duk wanda ya saba bin babbar hanyar RN1 daga Yamai zuwa Damagaram ya sha ganin mota a gefen titi, an buɗe gabanta, an jera rassan itace a bayanta, mata da yara sun fake a gindin wata bishiya, maigida kuma yana ta ɗaga waya sama yana neman rezo. Tafiyar ta kusa kilomita 900, kuma akwai wurare da dama da za a yi nisa ba a ga garejin kirki ba. Idan abin ya faru a watan Afrilu ko Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ko kuma dab da magariba, maganar ta wuce ta gyaran ƙarfe, ta koma ta lafiyar waɗanda ke cikin motar.

Don irin wannan rana ce kamfanonin inshora ke tallata wani ƙarin tsari da takardunsu ke kira assistance, wato agaji. Mai mota ya ƙara wani abu a kan kuɗin inshorarsa na shekara, su kuma su yi alkawarin turo masa bakanike ko motar ja idan motarsa ta tsaya. Ko wannan ƙarin kuɗi ya cancanci a biya shi? Amsar ta dogara ga hanyar da mutum ke bi, da kuma ko kamfanin yana da motar ja ta gaske a kan wannan hanyar. Takardar da ba ta da mota da direba a bayanta ba za ta ɗauke kowa daga daji ba, komai arahar ta.

Mece ce inshorar agajin mota?

Yarjejeniya ce ta aiki. A inshorar da aka saba, kamfani yana biyan diyya bayan ɓarna ta auku, wani lokaci bayan makonni ko watanni. A ta agaji kuwa, abin da mai mota ya saya shi ne a zo wurinsa a lokacin da yake cikin matsalar. Yana kiran wata lambar waya da aka rubuta masa, a tambaye shi inda yake da abin da ya samu motar, sannan a tura masa mai taimako daga cikin garejoji da masu motocin ja da kamfanin ya ƙulla yarjejeniya da su.

Sau da yawa kamfanin da ya sayar da takardar ba shi ne mai motocin ja ba. Yakan miƙa aikin ga wani kamfani na daban, shi ma ya miƙa ga garejojin gari. Sanin wannan yana da amfani, domin ingancin agajin da za ka samu a Kwanni ko Tasawa ya rataya ne a kan garejin da ke can, ko da kuwa ofishin da ka biya kuɗi a Yamai yana da kyan gani.

Ana samun wannan tsari ta hanyoyi uku. Na farko, a matsayin ƙari a kan inshorar mota. Na biyu, a cikin garantin sabuwar mota da aka saya a hannun dillalin kamfanin da ya ƙera ta. Na uku, ta hanyar ma'aikata ko ƙungiyar da ta yi wa dukan motocinta inshora a dunƙule. Kafin mutum ya biya, ya fara duba ko yana da shi tun tuni bai sani ba.

Bambancinta da inshorar dole

Nijar, Chadi, Kamaru, Benin, Burkina Faso, Mali da Togo suna cikin ƙasashe 14 da ke aiki da dokar inshora guda, wadda ake kira dokar CIMA. An sanya hannu kan yarjejeniyar kafa CIMA a birnin Yawunde a ranar 10 ga Yulin 1992, dokar ta fara aiki a 1995, hedkwatar ƙungiyar kuma tana Librebil na ƙasar Gabon. Sashe na 200 na dokar ya wajabta wa duk mai abin hawa mai inji ya yi inshorar da za ta biya ɓarnar da ya yi wa wani. Ita ce takardar da jandarma ko ɗan sanda ke tambaya a shingen bincike.

Wannan inshorar dole tana kare wanda ka buge ne, ko wanda ka lalata wa dukiya. Ba ruwanta da motarka, kuma ba ruwanta da injin da ya buga a tsakiyar hanya. Hatta inshorar da ake kira tous risques, wadda mutane ke ɗauka ta rufe komai, tana magana ne a kan haɗari, gobara, sata da fashewar gilashi. Lalacewar inji ko giya ba haɗari ba ne a idon kamfani. Idan kalmar assistance ba ta cikin jerin abubuwan da aka rubuta a takardarka, to babu wanda ya ɗauki nauyin janyo ka.

Daga ina tsarin ya fito?

Ƙungiyoyin masu motoci na Turai ne suka fara shi. An kafa ADAC a Jamus a 1903, AA kuma a Ingila a 1905, kuma har yau mambobinsu na biyan kuɗin shekara don a zo musu idan mota ta tsaya. A Faransa, Pierre Desnos ya kafa kamfanin Europ Assistance a 1963, daga nan ne agaji ya zama wani ɓangare da ake liƙawa a jikin inshora. Wannan salon na Faransa shi ne ya iso ƙasashenmu, da kalmominsa da sharuɗɗansa. An tsara shi ne don ƙasar da garuruwa ke kusa da juna, garejoji kuma suke ko'ina. Shi ya sa wasu sharuɗɗan da ba su da illa a can suke iya zama tarko a hanyar Tawa zuwa Agadas, mai tsawon kimanin kilomita 400.

Abin da agajin ya ƙunsa

Matakin farko shi ne gyara a inda motar ta tsaya, abin da takarda ke kira dépannage. Bakanike ya zo ya haɗa batir, ya canja taya, ya ɗaure wayar da ta kwance ko ya kawo ɗan mai. Yawanci kamfani na biyan kuɗin zuwansa da ɗan aikin hannu, amma kuɗin kayan gyara da na man a kan mai mota suke. Kada a raina wannan mataki. A alƙaluman da ADAC ke fitarwa kowace shekara, batir ne ke kan gaba wajen tsayar da motoci, da fiye da kashi 40 cikin 100 na kiran da suke amsawa. Wannan a ƙasar sanyi ke nan. A namu yankin zafi na gajarta ran batir, ƙura na toshe matatar iska, gurɓataccen mai na kashe famfon mai, ramuka kuma na cin tayoyi.

Mataki na biyu shi ne jan mota, wato remorquage, zuwa gareji mafi kusa ko wanda kamfanin ya amince da shi. Nan ne kuɗi ke da yawa, domin ana lissafa shi ne da nisa, kuma motar ja tana cajin zuwa da dawowa.

Mataki na uku ya shafi mutanen da ke cikin motar: kuɗin masauki na kwana ɗaya ko biyu idan gyara zai ɗauki lokaci, ko kuɗin motar haya da za ta kai su gida ko inda suka nufa. Wasu takardun masu tsada suna ƙarawa da motar aro ta 'yan kwanaki. A duba da kyau, domin sau da yawa motar aron ana bayar da ita ne bayan haɗari ko sata kawai, ban da lalacewar inji.

Sharuɗɗa biyar da ke bayyana darajar takarda

Na ɗaya, tazarar da agaji ke farawa. Takardu da yawa suna da abin da ake kira franchise kilométrique: ba a zo maka sai idan ka yi nisan wasu kilomitoci daga gida, a Faransa galibi 50. Wanda motarsa ta ƙi tashi a ƙofar gida da safe ba shi da haƙƙin komai. Wadda ke aiki tun daga ƙofar gida ana kiranta assistance 0 km, kuma ta fi tsada. Akwai kuma akasin haka, wato takardar da ke aiki a cikin birni da kewayensa kaɗai. Ga mai tafiye-tafiye, wannan ba ta da amfani ko kaɗan.

Na biyu, iyakar kuɗin da kamfani zai biya, wato plafond. Idan jan motarka ya haura wannan adadi, kai ne za ka cika sauran. A tambayi kuma sau nawa ake da damar kira a shekara.

Na uku, yankin da takardar ta rufe. Kalmar "ko'ina cikin ƙasa" tana da daɗin ji, amma sai a nemi jerin garuruwan da kamfanin ke da abokan aiki. Tsakanin Yamai da Doso kimanin kilomita 140 ne, zuwa Birnin Kwanni kimanin 420, zuwa Maraɗi kimanin 660. Idan motar ja ɗaya tilo da kamfanin ya dogara da ita tana Yamai, wanda ya tsaya a kusa da Madawa zai kwana a wurin kafin ta iso, idan ma ta taso.

Na huɗu, shekarun mota. Akasarin motocin da ke yawo a garuruwanmu tsofaffi ne da aka daɗe ana shigowa da su daga Turai ta tashoshin jiragen ruwan Kwatano da Lome. Wasu takardun suna cire motar da ta haura wasu shekaru daga agajin lalacewa, su bar mata na haɗari kawai. Shekarar da ke rubuce a takardar mallakar mota, wato carte grise, ita ake dubawa.

Na biyar, kira kafin a taɓa komai. Kusan kowace yarjejeniyar agaji tana cewa sai ka kira kamfani ya ba ka izini da lambar shaida kafin ka kashe ko dala. Wanda ya ɗauki motar ja da kansa, sannan ya kai rasit daga baya, yawanci ba a mayar masa da kuɗinsa. A wurin da babu rezo wannan sharaɗi na da nauyi, don haka a tambaya tun farko abin da kamfanin ke yi idan aka kasa samunsa a waya.

Abubuwan da ba a saba biya ba

Kowace takarda tana da jerin abubuwan da ta keɓe, kuma waɗanda aka fi samu su ne:

Lalacewa a kan hanyar da ba ta da kwalta ko tsakuwa, da kafewa a cikin yashi ko laka. Wannan ya shafi duk mai zuwa ƙauye, musamman da damina idan ƙoramu suka kawo ruwa.

Matsalar da aka san da ita tun kafin tafiya, ko wadda ta maimaitu saboda an ƙi gyarawa bayan zuwan farko.

Ɗora wa mota kaya ko mutane fiye da ƙa'ida.

Yin haya da motar da aka yi wa inshora a matsayin ta gida. Tasi da motocin fasinja suna da nasu tsarin daban.

Tuƙi ba lasisi, ko cikin maye.

Yaƙi, tarzoma da hare-hare. A yankunan da ake fama da matsalar tsaro, ko inda hukuma ta taƙaita zirga-zirga, direban motar ja na iya ƙin zuwa, kuma takarda na ba shi wannan dama.

Ƙarewar mai, ɓatar makulli, zuba gazuwal a motar fetur ko fashewar taya: wasu takardun na karɓarsu, wasu kuma a'a.

Yadda ake lissafin riba da asara

Lissafin ba shi da wuya. Ana buƙatar abu uku: kuɗin da za a ƙara a shekara, kuɗin janyo mota daga wuri mafi nisa da ka saba zuwa, da kuma yawan lokutan da motarka ta taɓa tsayar da kai a shekarun baya. Na biyun ana samunsa ne ta tambayar masu motocin ja biyu ko uku na garinku.

Ga misali da lambobin da aka ƙaddara don sauƙin fahimta kawai. A ce ƙarin kuɗin jika 30 ne a shekara, wato CFA 30,000, janyo mota daga nisan da ka saba zuwa kuma jika 150. A cikin shekara biyar ka biya jika 150. Idan sau ɗaya aka janyo ka a wannan tsawon lokaci, an tashi babu riba babu asara. Idan sau biyu ne, ka tsira da jika 150. Idan ba a taɓa ba, kuɗin ya tafi. Amma a ce takardar ta ƙayyade iyakar biya a kan jika 75: ranar da abin ya faru sai ka cika jika 75 daga aljihunka, ka ga a shekara biyar ka kashe jika 225 a kan aikin jika 150. Da wannan iyaka, ajiye kuɗin a gefe ya fi.

Sai dai lissafi bai ƙare a nan ba. Ma'aikacin da ke jiran albashin ƙarshen wata zai iya fitar da jika 30 sau ɗaya a shekara, amma jika 150 a rana guda, a tsakiyar wata, a bakin hanya, sai ya ci bashi. Ga kuma ciniki: wanda motarsa ta mutu da dare da iyali a ciki ba shi da bakin neman ragi, duk abin da aka yanka masa shi zai biya. Motar da aka bari a daji ta kwana kuma ana iya dawowa a tarar babu batir, babu tayoyi. Waɗannan duka suna cikin abin da ake saye, muddin dai agajin zai zo da gaske.

Me ya sa igiya ba ta wadatarwa kullum?

Da yawa za su ce ai ba a rasa mai taimako a hanya, a ɗaura igiya a ja. Gaskiya ne, kuma wannan zumunci na direbobi ya ceci mutane da dama. Amma yana da iyaka. Mota mai giyar otomatik, idan aka ja ta da nisa injin a kashe, ƙafafun da giya ke juyawa suna ƙasa, man giyar ba ya zagayawa saboda famfonsa da inji yake aiki. Ana iya ƙone giyar gaba ɗaya, gyaranta kuma ya ninka kuɗin motar ja sau da yawa. Motocin da ƙafafunsu huɗu ke ja a kowane lokaci su ma ana son a ɗora su ne a gadon wata mota, irin wadda ake kira plateau. Bayan haka, idan inji ya mutu birki na yin tauri bayan an taka shi sau biyu ko uku, sitiyari ma ya yi nauyi. Jan irin wannan mota da igiya da dare, a hanyar da manyan motoci ke bi, kasada ce da rai.

Saboda haka mai motar otomatik ya tambayi kamfani ko abokan aikinsa suna da mota mai gado, ko kuwa ƙugiya kawai gare su.

Wa ya kamata ya saya?

Tsarin ya fi dacewa da wanda ke yawan bin manyan hanyoyi masu kwalta tsakanin birane: ɗan kasuwar da ke kai da komo tsakanin Maraɗi da Yamai, malamin makaranta ko ma'aikacin lafiyar da aka tura aiki nesa da iyalinsa, mai ɗaukar iyali zuwa gida lokacin sallah ko hutun makaranta. Haka nan mace ko dattijon da ke tuƙi shi kaɗai, da wanda bai san kowa a hanyar da yake bi ba, da mai mota ta zamani mai kwamfuta wadda bakaniken ƙauye ba zai iya taɓawa ba.

Wanda ba ya fita daga cikin gari, kuma yana da bakaniken da zai hau babur ya same shi cikin rabin sa'a, da wuya ya ci ribar wannan kuɗi. Haka wanda yawancin tafiyarsa a hanyoyin ƙauye ne marasa kwalta, tunda a nan ne takardar ke janye hannunta. Mai tsohuwar motar da ta haura shekarun da aka ƙayyade shi ma gara ya zuba kuɗin a sabon batir, tayoyi da gyaran lagireto.

Masu neman tsarin da ya dace da shari'ar Musulunci za su iya tambayar ko kamfanin yana da sashen takaful. CIMA ta fitar da ƙa'idojin gudanar da shi a ƙasashenta tun 2019.

Idan tafiya ta ƙetare iyaka

Daga Maraɗi zuwa Katsina ta Ɗan Isa da Jibiya bai kai kilomita 100 ba, amma ƙetare iyakar na iya soke agajin baki ɗaya. Najeriya ba ta cikin CIMA, tana da dokarta da hukumarta mai suna NAICOM. Katunan da ake nunawa a kan iyaka, wato carte brune na ƙasashen CEDEAO wanda aka kafa a 1982, da carte rose na ƙasashen CEMAC irin su Chadi da Kamaru, suna tabbatar da biyan ɓarnar da ka yi wa wani ne a ƙasar da ka shiga. Ba su da alaƙa da jan mota. Tun bayan ficewar Nijar, Mali da Burkina Faso daga CEDEAO a Janairun 2025, ya kamata matafiyi ya tambayi kamfaninsa takardar da ake karɓa a iyakar da zai bi, ya kuma nemi a rubuta masa sunayen ƙasashen da agajin ya shafa. Ya tambaya har ila yau ko lambar kiran tana shiga daga layin wata ƙasa, domin lambobin kyauta galibi ba sa aiki a waje. Wanda ya shiga Najeriya ya riƙe lamba 122 ta hukumar kiyaye haɗurra, FRSC.

Ga 'yan uwa mazauna Faransa

A can lissafin ya sha bamban, domin kuɗin aikin hannu na da tsada, agajin kuma yana isowa. Yawancin inshorar mota na zuwa da agaji mai tazarar kilomita 50, sai mutum ya ƙara kuɗi a mayar da shi 0 km. Ga mai tsohuwar mota da ke zuwa aiki da ita kullum a cikin gari, wannan ƙarin yakan biya kansa. A kan manyan hanyoyin autoroute kuwa doka ta daban ce: kamfanin inshorarka ba shi da ikon turo maka motar ja. Sai dai ka yi kira ta akwatin waya mai ruwan lemo da ke gefen hanya kusan kowane kilomita 2, ko ka kira 112, a turo wanda hukuma ta amince da shi, kuma ƙa'ida ta ce ya iso cikin minti 30. Gwamnati ce ke ƙayyade farashinsa, yana kuma ƙaruwa da rabi da dare, da ranakun Asabar, Lahadi da na hutu. Bayan an fitar da kai daga hanyar sai ka kira kamfaninka. Dokar Hamon ta 2014 ta ba mai mota damar barin kamfaninsa a kowane lokaci bayan cika shekara ɗaya, don haka wanda bai gamsu ba yana iya canjawa.

Haƙƙinka kafin ka sa hannu

Dokar CIMA ta ba mai saye wasu makamai da ba kowa ya sani ba. Sashe na 6 ya tilasta wa kamfani ya ba ka takardar bayani kan farashi, abubuwan da aka rufe da waɗanda aka keɓe, tun kafin a ƙulla yarjejeniya. Sashe na 8 ya ce sharuɗɗan keɓewa ba su da ƙarfi sai an rubuta su da haruffan da suka fito fili sosai. Sashe na 13 kuma ya ɗaure fara aikin inshora da biyan kuɗinta: wanda bai biya ba, ba shi da kariya. Don haka a karɓi rasit na kamfani, a adana shi, musamman idan ta hannun dillali aka biya. Idan saɓani ya taso, a fara da rubuta wa kamfanin, in ba a daidaita ba a kai ƙara sashen kula da inshora na ma'aikatar kuɗi. Kada a yi jinkiri, domin a ƙa'ida haƙƙin neman biya yana faɗuwa bayan shekara biyu.

Akwai gwaji mai sauƙi da ya fi karanta takardar talla. Kafin ka biya, ka kira lambar agajin da dare ko ranar Lahadi, ka ga ko za a ɗauka. Idan an ɗauka, ka ambaci wani gari da ke kan hanyarka, ka tambayi sunan garejin da za a turo maka daga can da kuma tsawon lokacin da zai ɗauka. Sannan ka tambayi direbobin tasha ko sun san wannan gareji, kuma ko sun taɓa ganin motar jansa a kan hanya. Amsar da ka samu daga waɗannan wurare biyu ta ishe ka yanke shawara.

Ranar da mota ta tsaya

A kauce daga kan kwalta gwargwadon iko, a kunna fitilun gargaɗi, a ajiye alamar nan mai kusurwa uku aƙalla mita 30 a bayan mota, a ƙara nisa idan a kan kwana ne ko bayan tudu. Kowa ya fito ta ɓangaren da ba na titi ba, ya tsaya nesa. Idan an sa rassan itace ko duwatsu, a kwashe su kafin a tafi, don suna jawo wa masu babura haɗari. A duba dutsen kilomita mafi kusa ko sunan ƙauyen da aka wuce, domin shi ne abu na farko da za a tambaya. A kira kamfani, a rubuta lambar shaida, sunan wanda aka yi magana da shi da kuma lokacin. A ɗauki hoton motar ta kowane gefe kafin a ɗora ta. Idan injin ya yi zafi, kada a buɗe murfin lagireto sai ya huce. Idan akwai wanda ya ji rauni ko wuta ta tashi, a Nijar ana kiran 18 don 'yan kwana-kwana, 17 kuma don 'yan sanda.

Idan ka zaɓi ka dogara da kanka

Wanda ya ga takardar ba ta dace da shi ba, to ya yi wa kansa tanadin da za ta yi masa. Ya ware kuɗin jan mota sau ɗaya ya ajiye a asusun waya, kada ya taɓa shi. Ya tara lambobin bakanike da mai motar ja a kowane babban gari da ke kan hanyarsa. Shugabannin tasha sun san su. Ya riƙe taya ta ajiya mai iska, jak, wayar haɗa batir, fanbel, fis, tocila, igiya mai ƙarfi, da ruwa mai yawa na mota da na sha. Kafin doguwar tafiya a duba batir, tayoyi, ruwan lagireto, man inji da birki, a kuma tashi da sassafe don duk abin da zai faru ya faru da rana. Ko mai takardar agaji ma bai kamata ya fita ba tare da waɗannan ba, tunda tsakanin kira da isowar mai taimako ana iya shafe sa'o'i, kuma a cikin waɗannan sa'o'in abin da ke cikin but ɗin motarsa ne kawai zai amfane shi.